Hawan Dutsen Ben Nevis da Aboki a Lokacin Ƙanƙara: Zai Yiwu a Yini Ɗaya?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a birnin Gilasgo, na zo Birtaniya karatun digiri na biyu a watan Satumba. Ni da wani abokina, wanda ya girme ni kuma ya riga ni zuwa ƙasar, mun shirya hawan dutsen Ben Nevis a hutun ƙarshen Disamba, mu hau da safe mu sauko da yamma. A Jos na tashi, na saba da sanyi, kuma na sha hawan duwatsun Shere. Abokin nawa ya taɓa hawan Ben Nevis a watan Yuli, ya ce hanyar a fili take, har yara suna bin ta. Mun sayi manyan rigunan sanyi da takalma masu ƙarfi. Sai dai na ga hasashen yanayi yana cewa za a yi ƙanƙara a makon. Shin tafiyar za ta yiwu a yini ɗaya, kuma me ya kamata mu ƙara tanada?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da kake son sani shi ne ko mutum biyu, ɗaya ya san duwatsun gida amma bai taɓa taka ƙanƙara a gangare ba, ɗayan kuma ya ga wannan dutse sau ɗaya a lokacin zafi, za su iya kai wa ƙololuwarsa su dawo lafiya a ƙarshen Disamba. Amsata ita ce kada ku nufi ƙololuwar ku biyu kaɗai a wannan hunturun. Na daɗe ina bin duwatsun Sikotlan rani da hunturu, ina kuma raka sababbin shiga, don haka zan zayyana maka dalilaina, domin ka auna su da kanka, ka kuma samu abin da za ka faɗa wa abokinka.

Tsayin Ben Nevis mita 1,345 ne, shi ne dutse mafi tsayi a Birtaniya, yana kusa da garin Fort William. Idan aka bi ta lissafin tsayi kawai, duwatsun Shere da ka sani sun fi shi, balle Chappal Waddi na Taraba mai mita 2,419. Bambancin farko shi ne garin Jos kansa yana zaune a kan tudu mai kimanin mita 1,200, saboda haka mai hawan Shere ya riga ya ci mafi yawan tsayin tun kafin ya bar gida, alhali hanyar Ben Nevis tana farawa ne daga kwarin Glen Nevis, dab da bakin teku, kuma kusan dukan mitocin nan sai ƙafarka ta biya su. Zuwa da dawowa kimanin kilomita 17 ne, mai matsakaicin ƙarfi yakan ci sa'o'i bakwai zuwa tara a lokacin zafi. Masu hawan dutse a nan suna amfani da wata ƙa'ida da William Naismith ya fitar a 1892: sa'a ɗaya ga kowace kilomita biyar, a ƙara sa'a ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan lissafi yana ba da sama da sa'o'i biyar da rabi ba tare da hutu ko cin abinci ba, kuma a kan busasshiyar hanya. A ƙarshen Disamba rana tana fitowa a Fort William wajen ƙarfe tara saura, ta faɗi wajen ƙarfe huɗu saura kwata. Hasken yinin duka bai cika sa'o'i bakwai ba. Ka ga tun kafin a ambaci ƙanƙara, tafiyar sa'o'i bakwai zuwa tara ta riga ta fi yinin tsawo.

Sanyin can sama

Sanyin Jos busasshe ne, kuma da hantsi ya ɗaga rana takan kore shi. Na Sikotlan jiƙaƙƙe ne, iska ce take ɗauke da shi daga Tekun Atilantika. A ƙa'ida yanayi yana sauka da kimanin digiri shida da rabi a kowace mita 1,000 ta hawa, don haka idan ma'auni ya nuna digiri 3 a Fort William, ka sa ran kusan 6 ƙasa da sifili a ƙololuwa. Idan aka haɗa da iska mai gudun kilomita 60 a sa'a, wadda ba baƙuwa ba ce a can, fatar mutum za ta ji kamar 17 ƙasa da sifili. An taɓa gina tashar nazarin yanayi a kan ƙololuwar, ta yi aiki daga 1883 zuwa 1904, kangonta yana nan har yau, kuma bayanan da ma'aikatanta suka tara sun nuna cewa matsakaicin yanayin wurin a tsawon shekara ya ɗan gaza sifili. A kan dutsen Cairn Gorm da ke gabas an auna iska mai gudun mil 173 a sa'a a watan Maris na 1986. Ba kullum ake irin wannan ba, amma daga mil 30 a sa'a iska takan fara karkata tafiyar mutum, daga 40 zuwa 50 kuwa kowane taki sai da kokawa.

Abin da ya fi damuna da tsarinku shi ne ƙanƙarar hanya. Rabin farko na hanyar matakala ce ta duwatsu da aka jera, ruwa kuma yana tsiyaya a kanta daga gefen tsauni. Idan dare ya yi sanyi, ruwan nan yakan daskare ya zama wani siririn rufi marar launi, dutsen ya riƙa ƙyalli kamar jiƙewa kawai ya yi, sai ka ɗora ƙafa ka ji babu abin da ya riƙe ta, tamkar tayil da aka zuba wa ruwan sabulu. Bayan an wuce ɗan tafkin da ke wajen mita 570, aka ƙetare ƙoramar da ake kira Red Burn, hanyar takan shiga lanƙwashe-lanƙwashe a jikin gangare, kuma a nan ne dusar ƙanƙarar da ta narke da rana ta sake daskarewa da dare takan yi tauri har bakin takalmi ya kasa huda ta. Wanda ya zame a irin wannan wuri cikin rigar ruwa mai santsi, daƙiƙu kaɗan suka isa gudunsa ya wuce yadda zai tsayar da kansa da hannu. Hawa yakan yi sauƙi, domin fuskarka tana kallon dutsen, nauyinka yana gaba. A saukowa ne, ga gajiya, ga gwiwa tana rawa, ga duhu yana matsowa, aka fi samun faɗuwa.

Sai kuma saman dutsen, wanda fili ne mai faɗi. A watan Yuli abokinka ya ga hanya da tarin duwatsun da aka kafa don nuna ta. A Disamba dusar ƙanƙara takan binne hanyar, gajimare ya sauko, sama da ƙasa su zama fari ɗaya, mutum ya kasa bambance tudu da rami. A gefen arewa akwai gaɓa mai zurfin ɗaruruwan mitoci, iska kuma takan gina leɓen dusar ƙanƙara da yake zarce bakin gaɓar, mai tafiya ya ɗauka a kan ƙasa yake alhali babu komai a ƙarƙashinsa. Kwazazzabon Gardyloo yana cin filin dab da ƙololuwa, kuma wanda ya kauce masa da yawa zuwa hagu yayin saukowa yakan faɗa wa kwazazzabon Five Finger, inda aka sha rasa rayuka. Shi ya sa masu sanin dutsen suke haddace ma'auni biyu na kamfas, wato na'urar da ke nuna arewa da sauran kusurwoyi, daga ginshiƙin ƙololuwa: digiri 231 na tsawon mita 150, sannan digiri 282. Sanin lambobin ba ya wadatarwa, sai mutum ya iya ƙirga takunsa ya san ya ci mita 150 cikin iska, da safar hannu mai kauri, ido yana hawaye.

Maganar aboki

Tafiya da aboki ta fi tafiya kai kaɗai, wannan babu ja. Idan ɗaya ya karye, ɗayan zai kira agaji ya kuma lulluɓe shi. Amma aboki ba zai tsayar da kai ba idan ka zame, kuma rashin sanin mutum biyu idan aka haɗa shi ba ya zama sani. Abin da na fi gani ma shi ne kowane ɗaya yana jingina da ɗayan a zuci: kai kana cewa ai ya taɓa zuwa, shi yana cewa ai ɗan Jos ne, ya san dutse, sai a wayi gari babu wanda yake auna hanyar da gaske.

Akwai kuma wani abu namu da nake so ka duba da kyau, tunda ka ce ya girme ka. Mun tashi da kara da kunya, ƙarami ba ya son ya katse wa babba hanzari, babba kuma ba ya son ƙaninsa ya ga gazawarsa, musamman idan shi ya kawo shawarar tafiyar, aka kashe kuɗin mota da na masauki. Tarbiyya ce mai kyau a gida, amma a jikin dutse takan sa mutum biyu su ci gaba da hawa alhali kowannensu ya so juyawa tun sa'a guda da ta wuce. Maganinta shi ne a gama maganar tun a ɗaki kafin a fita. A tsayar da lokacin juyawa, misali ƙarfe goma sha biyu, kuma idan ya yi a juya ko da ana hango ƙololuwa. A amince cewa duk wanda ya ce a koma, an koma, ba sai ya kawo hujja ba. A kuma amince cewa ba za a rabu ba. "Jira ni nan, bari in ƙarasa in dawo" magana ce da ta jefa mutane da dama cikin masifa, domin wanda aka bari a zaune shi ne sanyi yake fara kamawa, wanda ya tafi kuma zai iya saukowa ta wani gefe cikin hazo ya wuce shi bai gan shi ba. Marar sauri a cikinku shi ne zai shiga gaba, tafiyarsa ita ce tafiyarku.

Babban aikin aboki a sanyi shi ne lura da ɗan'uwansa, domin wanda sanyi ya fara cinyewa ba ya gane halin da yake ciki. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, idan ya sauka ƙasa da 35 tunani da motsi sukan fara lalacewa. Na taɓa raka wasu matasa wani dutse a watan Fabrairu, ɗaya daga cikinsu mai yawan raha ne, tun daga mota yake ba mu dariya. Da muka tsaya shan shayi sai na lura ya yi shiru, ya tsaya yana fama da zik ɗin rigarsa, yatsunsa suna kama shi suna saki, ya kasa ja, kuma bai nemi taimako ba. Na tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya lau, amma harshensa ya yi nauyi. Da aka duba, rigar cikinsa ta auduga ce, ta jiƙe sharkaf da gumi tun a hawa. Muka shiga da shi cikin tantin gaggawa, aka canza masa riga, ya sha shayi mai sukari ya ci dabino, bayan kusan rabin sa'a bakinsa ya buɗe, muka sauko gaba ɗaya. Tuntuɓe, nauyin harshe, rashin iya sarrafa yatsu, shiru ko fushi marar dalili, su ne alamomin farko. Idan makyarkyata ta tsaya alhali mutum bai ji ɗumi ba, lamarin ya yi tsanani, a kwantar da shi a kan jaka ko wani abin da zai raba shi da ƙasa, a lulluɓe shi, a kira agaji. Mutanen ƙasar nan ba su manta da abin da ya faru a filin Cairngorm a watan Nuwamba na 1971 ba, inda 'yan makaranta biyar daga Edinbura da wata matashiya mai taimaka wa jagorarsu suka rasu cikin guguwar dusar ƙanƙara, kuma bayan wannan ne aka ƙara tsaurara horon masu jagorantar mutane a duwatsu.

Kaya da shiri

Babbar rigar sanyi guda ɗaya, irin wadda kuka saya, ta fi dacewa da tsayuwa a tashar bas. A hawa za ta sa ka gumi, gumin kuma shi ne zai sanyaya ka da ka tsaya. Ana sa tufafi ne hawa-hawa: ta jikin fata ta ulu ko ta roba mai saurin bushewa, ta tsakiya mai ɗumi, sai rigar ruwa da wandon ruwa masu tare iska a waje, babbar rigar kuma a bar ta cikin jaka don lokacin hutu. Auduga da wandon jins a bar su a gida. Safar hannu biyu ko uku, domin ɗaya za ta jiƙe, wata kuma iska za ta iya ɗauke ta. Hular sanyi, tabarau mai rufe ido saboda ƙanƙarar da iska take watsowa, tocilar goshi ga kowane mutum da batir na ajiya, usur, taswirar takarda da kamfas, da tantin gaggawa na mutum biyu wanda bai fi a dunƙule shi a gefen jaka ba. Sanyi yana cinye cajin waya da sauri, a ajiye ta a aljihun ciki. Abinci ya zama wanda za a ci a tsaye ba tare da cire safar hannu ba, kamar dabino da gyaɗa da burodi, da fulas na shayi.

Abin da yake riƙe mutum a kan taurin ƙanƙara abu biyu ne: ƙarafa masu haƙora da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi, waɗanda ake kira kiramfon, da gatarin ƙanƙara. Kiramfon yana buƙatar takalmi mai taurin ƙasa, in ba haka ba zai kwance a tsakiyar gangare. Akwai ƙananan sarƙoƙi masu ƙusoshi da ake sawa da roba, suna da amfani a shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma ba su isa gangaren sama ba. Ana ba da hayar waɗannan kaya a Fort William. Sai dai a nan ne iyakar abin da rubutu zai yi maka: ba zan iya koya maka tsayar da kai da gatari ta hanyar bayani ba, abu ne da ake maimaitawa a gangare marar haɗari a gaban malami har jiki ya riƙe shi, kuma wanda bai saba da kiramfon ba yakan harɗe wandonsa da haƙoran ya faɗi.

Hasashen da ka gani wataƙila na gari ne. Na dutse daban yake: ka duba na MWIS, masu hasashen yanayin duwatsu, da wanda Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya, take yi wa duwatsu, ka nemi ƙarfin iska a sama da tsayin da ruwa yake fara daskarewa a ranar. Hukumar SAIS kuma tana fitar da rahoton haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara kullum daga tsakiyar Disamba zuwa Afrilu, yankin Lochaber shi ne ya ƙunshi Ben Nevis. Zaftarewar ta fi aukuwa a gangare mai karkatar digiri 30 zuwa 45, musamman bayan sabuwar dusa da iska.

Abubuwa biyu da suka shafe mu kai tsaye. Na farko lafiya: sanyi da ƙishirwa da wahala suna tayar da ciwon sikila, sanyi kuma yana tayar da asma, don haka wanda yake da ɗaya daga cikinsu ya ga likitansa kafin ya yi tunanin irin wannan tafiya, ya kuma sanar da abokinsa. Ni ba likita ba ne, iyakata in nuna maka ƙofar. Binciken da aka yi a kan sojojin Birtaniya da na Amurka ya nuna cewa baƙaƙen fata sun fi saurin samun lahanin sanyi a yatsu, kuma a fatarmu alamar takan zo ne da toka-toka da mutuwar ji, saboda haka yatsan da ya daina zafi ya daina ji abin dubawa ne nan take. Na biyu salla: a wannan lokaci Azahar da La'asar da Magariba duk suna shiga cikin ƙasa da sa'o'i huɗu, dukansu kuna kan hanya. Cire takalmi a wanke ƙafa da ruwan ƙanƙara cikin iska haɗari ne na gaske. Ni nakan fita da alwala, in zaɓi mafaka a ƙasa-ƙasa don yin salla, amma hukuncin shafa a kan safa ko taimama ko haɗa salloli ka tambayi malami tun kafin ranar.

Abin da zan ba ku shawara a kai

Hanya mafi kusa ga burinku ita ce ku ɗauki jagora mai takardar shaidar jagoranci a hunturu daga Fort William, ku raba kuɗin, shi zai duba kayanku ya koya muku amfani da su, shi kuma zai yanke hukuncin juyawa, abin da zai ɗauke muku nauyin kara. Wadda ta fi ɗorewa ita ce ku yi kwas na kwana ɗaya ko biyu a kan dabarun hunturu, irin wanda cibiyar Glenmore Lodge da ke kusa da Aviemore take bayarwa, ko ku shiga ƙungiyar masu hawan dutse ta jami'arku, inda akan samu aron kaya da rakiyar waɗanda suka saba. Idan kuma fita kawai kuke so a wannan hutun, Conic Hill da ke Balmaha a bakin tafkin Lomond mita 361 ne, ana zuwa daga Gilasgo a dawo a yini, kuma zai nuna muku yadda takalmanku suke yi da daskararriyar hanya ba tare da gaɓa a gefenku ba. Ben Lomond mai mita 974 kada sunansa na dutsen 'yan koyo ya ruɗe ku, idan ya yi fari shi ma yana neman gatari da kiramfon. Ben Nevis ɗin kuwa ku ajiye shi zuwa Yuni ko farkon Yuli, lokacin da hasken yini yake wuce sa'o'i goma sha bakwai.

Ko wanne kuka zaɓa, ku bar wa wani mutum na uku bayanin hanyar da za ku bi, da lokacin da za ku sauko, da lokacin da zai kira agaji idan bai ji daga gare ku ba. Lambar ita ce 999 ko 112, a nemi 'yan sanda, sannan a ce ana buƙatar masu ceto a dutse. Ku aika kalmar "register" zuwa 999 ta saƙon tes tun kuna gida, domin a inda sabis ya yi rauni saƙo yakan fita ko da kira ya ƙi shiga. Idan waya ta mutu, alamar neman taimako ita ce busa usur ko haska tocila sau shida, a dakata minti ɗaya, a maimaita. Masu ceton na Lochaber 'yan sa-kai ne da suke barin aikinsu da iyalansu su fito, ba a biyan su kuma ba sa cajin kowa, amma isowarsu wurin da kuke takan ɗauki sa'o'i, jirgi mai saukar ungulu kuma ba ya iya shiga gajimare mai kauri ko iska mai tsanani, don haka kayan da ke cikin jakunkunanku su zama waɗanda za su riƙe mutum biyu a zaune har tsawon wannan jira.